Ni Na Kai Harisu Hartum

Harisu bai iya jefa ƙwallo a kwando ba, kuma har ya bar wasa bai koya ba. Gara in faɗa tun da wuri, don yanzu a Gadarif in ana zancensa sai ka ce shi ya ƙago wasan.

Tare muka tashi. Ni ɗinki nake yi, shi kuwa dako a kasuwar hatsi, yana tarar buhun riɗi daga kan mota. Can ya samo kafaɗun nan. A ƙungiyar unguwarmu ni ne mai jefawa. Shi aikinsa ya tsaya ƙarƙashin kwando, in ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo ya cafke, wanda ya matso ya sha gwiwar hannu. A nan haƙoransa biyu suka zube, na mutane kuwa Allah kaɗai ya sani.

Wata shekara da kaka, mai horar da wata ƙungiyar Hartum ya zo neman mutum ɗaya. Kowa ya ce ni ne, har jallabiyar tafiya na ɗinka. Ranar da muka kara da 'yan Shuwak a gabansa, na ƙudura ba zan ba kowa ƙwallo ba. Sai hannu ya ƙi. Sau goma sha huɗu tana dukan ƙarfe, sau goma sha huɗu Harisu yana ture mutane ya cafko ya miƙo mini.

"Ya zol, mutumina, sake!" yake cewa. "Za ta shiga."

Shi aka ɗauka. Shekara goma sha ɗaya yana cin abinci da wasan, manyan 'yan wasa suna shakkarsa. Duk wanda ya kawo labarinsa shagona sai in taka keken ɗinki da ƙarfi. Na yi hassada, ba na ɓoyewa, har karaya na yi masa fata, Allah ya yafe mini. An ce hassada ga mai rabo taki, to ni na zuba wa gonarsa.

Ya dawo gwiwoyi ba sa lanƙwasuwa, salla ma a zaune. Na ce an yi kunnen doki, ashe da sauran rina a kaba. Kullum da hantsi sai ya ɗingiso shagona, ya zauna a bencina, ya sha shayina, wanda duk ya shigo ya nuna masa ni.

"Wannan Maliki ke nan. Wallahi shi ya kai ni Hartum."

Da zuciya ɗaya yake faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Jallabiyar tana nan a ƙasan akwati, ban taɓa sa ta ba.