Hannun da Abokina Ya Sa Mini a Rajista

Shekarun baya, ina sabon malami ana ta yi mini murna, aka tura ni koyarwa wata firamare a wani ƙauye bayan Kumo. Ni kuwa a cikin gari nake, unguwar Barunde, gidan iyayena. Ranar farko da na je na dawo, na ce wa mahaifiyata wannan horo ne aka yi mini. Ka hau mota zuwa Kumo, ka hau acaɓa, idan damina ce ka naɗe wando ka tsallaka rafi. Ta kalle ni ta ce, "To sarkin son jiki, sauran malaman tashi sama suke yi?"

A can na haɗu da abokina. Ɗan Tangale ne, ya girme ni sosai, gidansu a unguwar Herwagana, cikin gari. Kullum a mashin ɗinsa yake zuwa ya koma. Hedimasta ya sha yi masa tayin ɗaki a ƙauyen, ya ƙi, saboda mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma shi kaɗai ya rage mata a gari. Da rana wata maƙwabciya ke leƙa ta, amma shi ke ɗaga ta, ya juya ta, ya ba ta abinci a baki. Ana kaɗa ƙararrawar tashi zai ce, "Mama na jirana," ya buga mashin. Kafin la'asar yana gida.

Bawan Allahn nan ya ce in riƙa tsayawa a bakin titi da sassafe yana ɗaukata. An samo mini mai kai ni har ƙofar aji, amma wai ni barcin safe ya fi ƙarfina. Wata Litinin ya kira ni yana bakin titi, ni ina cikin bargo. Na ce, "Yayana, don Allah ka sa mini hannu a rajista, yau kaɗai."

Ya ce, "Malam, abin nan ba kyau fa."

Na ce, "Haba, wa zai zo wannan dajin ya duba?"

Ya sa. Yau kaɗai ɗin nan ta zama kowace Litinin, daga baya har da Juma'a. Ajina ma shi ke haɗawa da nasa.

Sai ga masu duba makarantu wata Litinin, ba sanarwa. Suka ƙirga malamai, suka buɗe rajista, ga sunana da sa hannu, ba ni. Abokina bai yi musu ba, ya ce shi ya sa. Aka ce mu biyun mu bayyana a ofishin ilimi.

Ina da wani kawu da ya san mutanen ofishin. Ya ja ni gefe ya ce, "Kai sabo ne, ba a ma tabbatar da kai a aiki ba, korarka za a yi. Ka ce ba ka da lafiya ranar, kuma ba ka sa kowa ya sa maka hannu ba." Wallahi haka na faɗa, bakina ko rawa bai yi ba. Ni aka ba ni takardar gargaɗi. Shi aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye can bayan Nafada.

Kowa ya ce ya kama ɗaki a can ya riƙa zuwa gida ƙarshen mako. Ya ce, "In bar wa wa Mama?" Mashin ba zai jure wannan hanyar kullum ba, sai ya koma motar haya. Ya fita gari bai gama wayewa ba, ya dawo ana kiran magariba. Haka ya yi kusan shekara guda. Ni kuwa na zama mai zuwa aiki kullum, amma ko hanyar Herwagana na daina bi don kunya.

Wata Laraba da hantsi jikin Mama ya rikice. Maƙwabciyar ta kira shi, ta ce Mama sunansa kawai take kira. Ya baro aji nan take, amma sai da ya jira mota ta cika a tasha. Ana la'asar Allah ya yi wa Mama rasuwa. Na riga na dawo daga makaranta, wani malaminmu ya faɗa mini, na hau acaɓa, cikin minti kaɗan ina gidan. Na zauna a benci cikin mutanen cocinsu, muna jiran ɗan marigayiya.

Rana ta kusa faɗuwa ya shigo, da jakar littattafai a kafaɗa. Ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito ya bi mutane yana gaisawa, har ya zo kaina. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, har ka riga ni zuwa? Na gode, Allah ya saka."

Na so a ce zagina ya yi.

Yanzu a cikin gari nake aiki, ofishinmu ko da ƙafa zan iya zuwa. Idan na ji matasa na cewa ba za su karɓi aiki ba don wurin ya yi nisa, ba na sa baki, don ba ni da bakin magana. Muna gaisawa da abokina har yau, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma na kasa. Na sha tsara yadda zan nemi gafararsa, amma duk lokacin da na zo faɗa sai in tuna cewa da yana tsohuwar makarantarmu, da a hannunsa Mama za ta cika.