Samfurin da Baba ya ba ni

Duk wanda ya ji za ka Guangzhou sai ya haɗa ka da samfur. Wannan ta miƙo takalmi ƙafa ɗaya, wancan ya kawo murfin tukunya, wai a kai wa Sinawa su ƙera irinsa. Ni jakunkuna nake sarowa, don haka da mahaifina ya aiko mini tsohuwar jakarsa ta fata daga ƙauye ana gobe zan tashi, ko buɗewa ban yi ba. Na cusa ta cikin akwati, a zatona ɗinkin yake so a kwaikwaya.

Sai a Shiling, garin masu jakunkuna da ke wajen Guangzhou, na buɗe ta, a ofishin wani mai masana'antar jaka. Tare nake da wani Alhaji mutumin Maraɗi, abokin sayayyata, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Mai masana'antar ya juya yana amsa waya, ni kuma na sa hannu a aljihun ciki na zaro wani ƙulli na tsumma. Ina warwarewa sai ga harsashi, sabo fil, tagullarsa na sheƙi. Na gane shi nan take, na bindigar farautar Baba ne, wadda ya gada wajen kakanmu.

Na yi maza na dunƙule shi a hannu. A ƙasar nan ko wuƙa ba ka shiga tashar jirgin ƙasa da ita, balle wannan. Har yau ban san yadda ya tsallake filayen jirgin sama ba, Allah ne kawai ya rufa asiri. Alhaji ya cire hularsa ya kife a kan hannuna, ya yi wa mutumin murmushi ya ce, “Laoban, gobe, gobe.” Laoban shi ne maigida da Sinanci. Muka fito ba mu ko taɓa shayin da aka kawo mana ba.

A mota, da yake direban ba ya jin Hausa, Alhaji ya leƙa ƙarƙashin hular. Shi ma ɗan maharba ne, kuma mutum ne da ko gida na cin wuta sai ya nuna ya san abu.

“Uku-sifili-uku ne, na Ingilishi,” ya ce a hankali. “Dubi leɓen da ke gindinsa. Wannan sai an sha wuya ake samunsa yanzu. Da uku-sifili-takwas ne, kamfanoni na ta zuba shi a kwali, duk mai lasisi zai saya. Kusan ƙarfinsu ɗaya a kan gadu, amma ɗaya ba ya shiga bindigar ɗaya. Tsohonka ya ga nasa na ƙarewa, ya ce bari Sin ta yi masa.”

“Alhaji, don Allah rage murya.”

“Kai dai ka rabu da shi kafin mu shiga gari. In aka kama ka, ba maganar biza ba ce, shekaru za ka yi.”

Tun da nake zuwa birnin ban taɓa lura da yawan kyamarorinsa ba sai ranar. Kowace fitilar hanya da tata, kamar duk ni suke kallo. Haushin Baba ya cika ni, na dinga cewa a raina, tsoho zai kashe ni a kan naman daji. Da muka zo wata gada a bayan gari, Alhaji ya nuna wa direba cewa zan yi amai. Na sauka, na duƙa a bakin ƙarfen, na saki ƙullin cikin ruwa. Ko ƙara bai yi ba.

Washegari da yamma na samu layin ƙauye ya shiga. Bayan gaisuwa Baba ya ce, “Ka nuna musu? Za su iya?”

“Baba, ka kusa sa a ɗaure ni! Gadu nawa ma ya rage a dajin nan da za ka yi mini haka?”



“Ba don gadu ba ne,” in ji Baba. “’Yan bindiga masu babura sun shiga ƙauyen da ke gabas da mu ranar kasuwa. Ban faɗa maka ba don kada hankalinka ya tashi a hanya. Biyu suka rage mini, na ba ka ɗaya. In sun ce ba za su iya ba, ba komai, ka dai dawo mini da shi.”

Na ce, “To, Baba.”