Kunnen da Doña Teofila Ta Ba Harshenmu

Kafin masunta su dawo daga teku, Doña Teofila Guity ta riga ta share tsakar gida, ta sha kofi da gurasar rogo, ta zauna a teburinta mai gurguwar ƙafa da ke jikin taga. Da ta buɗe kwamfuta ta toshe kunnuwanta da iyafis, shi ke nan, ko gobara ake yi a maƙwabta sai an taɓa kafaɗarta. Haka muka saba ganinta shekara da shekaru a wannan gari namu na bakin ruwa kusa da Trujillo. Watan jiya ta ajiye aikin, ni kuwa na ce ba za ta ajiye shi a ɓoye ba, ko da ranta zai ɓaci.

Tsohuwar malamar firamare ce. Bayan ta yi ritaya, masu nazarin harshe suka zo daga jami'a da tulin tsofaffin kaset-kaset na hirar dattawanmu da harshenmu na Garifuna. So suke kwamfuta ta iya harshen, don jikokinmu da ake haifa a Amurka su sami inda za su koya. To amma kwamfuta, duk da cika bakin da ake yi da ita, ba ta gane komai sai an nuna mata. Dole wani ya bi maganar kalma bayan kalma, duk inda aka ambaci wani aiki ya sa masa alama: wannan an yi an gama, wannan ana cikin yi, wannan an saba yi, wannan sai gaba. Aiki ne mai cin rai, ba mai ganinsa balle ya tafa maka. A garin nan kaf ita kaɗai ce ta iya karatu da na'ura, kuma take jin maganar tsofaffi har cikin ƙashi.

Kaset ɗin ma abin tausayi. Iska na busawa, teku na ruri, tsoho na haɗiye rabin kalma. Sai ta ƙure ƙara har mai wucewa ta bakin taga yana jiyowa. In kuma ta yi shakka ba ta canka, sai ta ɗauki lema ta tafi wurin mai maganar in yana raye. Na taɓa raka ta wurin Don Anacleto, tsohon masunci, yana zaune yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

"Ga 'yar sandan magana nan," in ji shi. "Teofila, yau kuma wane laifi bakina ya yi?"

"Rashin haƙori, Kawu, shi ne laifinsa. Saurara nan. Wannan fita kamun kifi da kake faɗa, ranar kaɗai ka yi ta, ko kullum haka kuke yi?"

"Wane ne wannan sarkin surutu?"

"Kai ne mana!"

Ya ƙyalƙyale da dariya, sai kuma ya kasa kunne. Ashe can ƙasa-ƙasa cikin kaset ɗin muryar matarsa ce marigayiya, tana kiransa ya zo ya ci dakakkiyar ayaba kafin miyar kwakwa ta huce. Ya sa aka maimaita masa wurin har ya gaji da share ido. Doña Teofila ba ta gaggauta shi ba, ranar ba ta ma sami amsarta ba, sai da ta koma washegari.

Kunnen dama ne ya fara tafiya. Likita a birnin La Ceiba ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in ta rabu da iyafis yanzu, na hagun zai iya kai ta shekaru, in ta ci gaba kuwa ba ruwansa. Lokacin 'yarta Yadira, da ke aure a Amurka, tana da tsohon ciki. Ina wurin ta bugo waya tana kuka.

"Mama, don Allah ki rabu da abin nan. Jikarki fa za ta buɗe baki ta kira ki, da wane kunne za ki amsa?"

"Bari in gama da tsofaffin nan tukuna," in ji ta. "Ni likita ya ce ina da shekaru. Su wa ya yi musu wannan alkawari? In suka tafi, wa zan tambaya?"

Ni ma na yi mata faɗa, na ce taurin kai ne kawai. Ta ce in matso ta ɓangaren hagu in ina son zagina ya shiga. Gaskiya ta ba ni haushi ranar, kuma har gobe ban san ko ni ke da gaskiya ko ita ba.

Tsofaffin kuwa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta faɗa. Don Anacleto ne na ƙarshe, kuma kafin ya rasu ta riga ta kammala tambayoyinta gare shi. A wurin zaman makokinsa ana ta kaɗa ganguna, na ga ta dafe ƙirji. Na tambaye ta lafiya. Ta ce nan kaɗai take jin kiɗan. Wayyo, ranar na san kunnen hagun ma ya tafi.

Ke ce kika ba harshenmu kunnenki, Doña Teofila, mai haƙurin sauraro. Ke ce kika zauna da muryoyin matattu har kika jera maganarsu yadda na'ura za ta fahimta, sunanki kuma yana can ƙasan shafi inda ba mai dubawa.

Ranar da aka yi mata walimar sallama a harabar coci, Yadira ta zo da 'yarta Marleni, wadda a wayar uwarta ta koyi 'yan kalmomin Garifuna daga wannan aiki. Yarinyar ta tsaya gaban kakarta, ta gaishe ta da harshenmu tiryan-tiryan. Wuri ya kaure da guɗa. Doña Teofila dai bakin yarinyar take kallo. Ta jawo ta, ta ɗora tafin hannu a maƙogwaronta.

"Sake faɗa, 'yar gidana."

Yarinyar ta sake. Doña Teofila ta ɗago kai ta dubi 'yarta.

"Yadira, muryar wa ta ɗauko?"

Yadira ta juya mana baya.

Ku matasa masu lafiyayyen kunne, akwai sauran kaset na garuruwan maƙwabta da ba a taɓa ba, akwai kuma tsofaffi a gidajenku da ba ku taɓa zama kun saurara ba. Ku je tun suna nan, ku raba aikin a tsakaninku, kada ku sake barin shi a kan mutum ɗaya.

Ke kuma Doña Teofila, mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Na rubuta wannan godiya a takarda ne, domin in da baki na faɗa, ba za ki ji ba.