Zarton Goggo Balki

Duk wanda ya san Goggo Balki ya san jakarta. Sauran ma'aikatan jinya biro suke sakawa a tasu da abin awon jini, ita kuwa har da zarton yankan ƙarfe, naɗe cikin tsohon kallabi. Ƙanwar babana ce, ta ƙare ƙuruciyarta wajen kula da masu taɓin hankali tsakanin Jega da Aliero da Maiyama. Na bi sawunta a aikin jinya ban san hanyar na da nisa haka ba.

Ba a cewa mahaukaci a gabanta. Wani direba a tashar Jega ya taɓa tambayarta ko mahaukatanta na lafiya. Ta sauko daga motar, ta ce sai ya kira sunan mutum ɗaya cikinsu za ta koma. Bai san kowa ba. Fasinjoji suka yi ta ba ta haƙuri, ta ƙi, muka jira mota ta gaba cikin rana har takalmina ya yi laushi.

Sirrin majinyaci kuwa, gara ka tambayi bango. In matan unguwa suka kewayo suna son jin abin da ke damun ɗiyar wance, sai ta numfasa ta ce albasa ta yi tsada bana. Ko a shekarar da albasa ke ruɓewa bakin titin Aliero, amsar ke nan.

Amma abin da ba ya barina shi ne zuwanmu ƙauyen Fagada. Wani manomi ne, Bawa, wansa ya ɗaure masa ƙafa a turu da sarƙa da kwaɗo, don tsoron kada ya faɗa rijiya. Ƙarfen ya ci naman har ya soma wari. Goggo ta duba, ta raɗa mini cewa in aka ƙara mako ƙafar ta tafi. Wan ya ce makulli ya ɓata tuntuni, kuma shi bai yarda a kwance ba. Ita kuma ta ce ba ta yanke sarƙar sai ya yarda, ba ta yi wa Bawa allura sai shi Bawa ya amince da bakinsa. Kwana uku muna zuwa, ta shimfiɗa tabarmarsu, ta sha furarsu.

Ran na uku wan ya ce, "Sista, ke dai ba ki gajiya?"

"Ina gajiya, Malam. Shi ya sa nika zamne."

Ta durƙusa gaban Bawa tana yi masa bayanin allurar tiryan-tiryan, amfaninta da nauyin jikin da take sawa, ta ƙare ta sake daga farko. Bawa ya ce ya yarda, in dai za ta yi shiru. Wan ma ya ce ta yanka ɗin, a huta.

Sai ta kwance kallabi. Zarton nan ko rama ba ya yankawa. Ta yi ta gurzawa, ƙara kamar akuya ta shiga hannun mahauci, har wan ya toshe kunne, ya lalubi aljihu, sai ga makullin da ya ɓata.

A hanya na ce zan saya mata sabon zarto. Ta harare ni.

"Kul, ɗiyata. Wanda ya kulle shi ya kamata ya buɗe. In ni na yanke, gobe sabon kwaɗo za ya sawo."

Ranar sadakar ukunta, ina zaune na gaji har ƙashi, aka ce wani na sallama da ni. Bawa ne, da ƙafafunsa biyu, yana ɗan ɗingishi, ƙurar hanya har gwiwa. Ya yi gaisuwa, sannan ya tambaya a hankali wa zai yi masa allurar watan gobe. Na ce ni. Ya dube ni, ya ce to in rage magana.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yalwata mata makwanci, ya ba ta hutun da ba ta taɓa samu ba. Mu kuma ya ara mana kaɗan daga haƙurinta.