Zanen biro a ranar Sallah

Mahaifina ɗan zangon Kumasi ne, mahaifiyata kuwa nas ce 'yar ƙasar Filifin. Uwarta, wadda muke kira Lola, tare muke zaune da ita a gidan haya kusa da Wendover, can ƙasar waje. Tsohuwa ce mai faɗa, murmushi ma sai ta ga dama. Amma lokacin sanyi, da an idar da magariba, sai ta ja kujera gaban hita ta kira ni, ta shiga ba ni labarin mutanen tsibirinsu kafin zuwan Turawan Sifen.

Ta ce mazansu ƙaya suke sawa su tsaga fata, a cusa baƙar toka. Daga idon sawu ake farawa, kowane yaƙi zanen ya ƙara hawa, fuska kuwa sai gwarzon gwaraza. Akwai wani matsoraci da ya ɓuya cikin kwalekwale ranar hari, ya dawo ya zana ƙirjinsa da gawayi. Da aka shiga rawa gumi ya wanke shi tas, mata suka yi masa ihu har bakin teku. Takan ƙare da cewa: "Zane ba ado ba ne, shaida ce."

Ina shekara tara, da safiyar ƙaramar Sallah, na ɗauki biro na zane hannuwana da goshina. Anti Ladi, yayar Baba, ita ta fara gani. Dama ba ta taɓa ƙaunar Lola ba, ko abincinta ba ta ci. Ta ja ni bayi ta dirje ni da soso har fata ta yi ja, tana cewa alwalata ba ta yi ba, an mai da gidan ƙaninta makarantar arna. Sannan ta tsayar da ni gaban Baba ta tambayi wanda ya sa ni.

Na ce Lola ce.

Ƙarya na yi, kuma Lola tana tsaye bakin kicin tana ji. Ba ta musa ba. Kallona kawai ta yi ta ce: "Har da goshi? Wane yaƙi kika ci?"

Kafin wata ya ƙare Anti ta ci galaba, aka mai da Lola wajen ɗanta a wata jiha. Can ta rasu, ban sake jin labari daga bakinta ba.

Har gobe ina jin haushin Anti Ladi, in mun haɗu wajen suna gaisuwar ma da kyar nake yi. Amma na girma na gane cewa shekaru ta yi tana neman korar tsohuwar ba ta samu hanya ba, sai da na buɗe baki. Kalma uku kacal ake nema daga gare ni, in ce ni na yi. Ban faɗa wa Baba ba sai bara, bayan an binne Lola.