Achar da Inna Take Sawa a Ƙirji

Likitan ya ɗora mini abin a tafin hannu, ya ce in taɓa in ji. Wata 'yar jaka ce mai santsi, tana lankwasa kamar an ɗura mata koko. Wata takwas ke nan da cire mini nonon hagu saboda ciwon daji, yanzu kuma ana so in faɗi ko na yarda a sake buɗe wurin a saka mini wannan a ƙarƙashin fata.

"Mama, implant ɗin nan ba wanda zai gane," in ji shi. "Ke kanki sai ki manta."

'Yata da ta kawo ni tana ta gyaɗa kai kamar ita ce likitan. Ni kuwa sai na kai abin kunnena na girgiza. Babu wata ƙara. Suka dubi juna, na san sun ɗauka tsohuwa ta fara ruɗewa. Na bar su da tunaninsu, na ce a ba ni mako biyu.

Ba zan yi ƙarya ba, raina ya biya. Na gaji da rigar da ke zamewa gefe ɗaya, na gaji da yin wanka ina kallon bango. Ina kewar nonona, kuma ba na jin kunyar faɗa, da shi na shayar da mutum biyar. Amma tun a mota hankalina ya bar asibitin, ya koma gida.

A Orozo na tashi, tun lokacin da in ka ce Abuja to Suleja ta yanzu kake nufi. Ina da shekara tara aka ɗauki Inna, mahaifiyata, a bayan akori-kura zuwa wani asibitin mishan mai nisa. Ta tafi da nono biyu, bayan wata guda ta dawo da ɗaya. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Abin da ya dame ta shi ne tafiya, don matanmu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ta ce tun da aka rage mata gefe ɗaya take jin hanya ta karkace.

Ta sayo rigar nono ta gwanjo a kasuwar Karshi, ta sa ni na ɗinka mata 'yar jaka da ƙyallen tsohon zani, don idonta ba ya ganin kafar allura. Da farko audugar rimi muka cusa. Ranar kasuwa ta sunkuya za ta sauke doya, da ta miƙe abin ya haura har wuyanta. Mata suka kwashe da dariya, ita ma ta taya su, amma muna isowa gida ta zaro audugar daga jakar.

"Wannan abu ba ta da nauyi," ta ce da irin Hausarta, ta yi jifa da audugar. "Ni ba kaza ba ne da za a cika ni da gashi."

Ta shiga rumbu ta ɗebo irin achar da muka ajiye don shuka. Ta tallabi nonon da ya rage da hannu ɗaya, ta riƙe jakar a ɗayan, ni ina zubawa. "Ƙara. Ƙara kaɗan. Ke, kin cika hannu, rage." Haka muka yi ta yi har hannayenta biyu suka daidaita, sannan na ɗinke bakin.

Daga ranar ƙirjin Inna ya sami murya. In ta rungume ni, kunnena daidai wurin yake sauka, sai in ji achar tana ɗan motsi, shuu, shuu, bugun zuciyarta yana biye daga baya. Har ƙaryar ciwon kai nakan yi don a rungume ni. Ta sani sarai, takan ce wannan ciwon kai nawa ya san lokacin da aka gama wanke-wanke.

Da damina ta faɗi, ruwa ya kama mu a hanyar dawowa daga Karshi. Ta cire jakar ta rataye a ƙusa cikin ɗaki, ta manta ba ta shanya ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga tsiro farare sun huda ƙyallen ta ko'ina. Na yi zaton za ta yi faɗa. Ta daɗe tana juya jakar a hannu, can ta ce in ɗauko fartanya. Muka watsa irin a bayan ɗaki, kuma ya yi kyau.

Shi ke nan ya zama al'ada. Kowace shekara in ruwa ya zauna sai ta farke jakar ta shuka, ta yi ta yawonta da gefe ɗaya a shafe har kaka. Wata maƙwabciya mai shisshigi ta taɓa tambayarta ina ɗayan ya tafi, ta ce, "Yana gona, yana aiki." In an yi girbi kuma sai mu sake zama, ita da awo, ni da zubi. Sau shida muka yi wannan zama. Kafin na bakwai ciwon ya dawo, ta rasu achar tana gona ba ta nuna ba. Ni kaɗai na yanke ta a shekarar, na cika jakar da ƙiyasi, babu wanda zai ce mini ƙara ko rage.

Jakar ta ɓace a wani ƙaura da muka yi. Bayan ɗakin nan kuma yanzu shagunan bulo ne, na je na tsaya na kasa gane ko ina ƙofarmu take.

Da mako biyun suka cika, 'yata ta bugo waya tana cewa, "Mommy, ki shirya, appointment ɗin ƙarfe goma ne." Na ce ta gaishe mini da likita, ta ce masa na gode, ba zan yi ba. Ta ce wai tsoro nake ji. Na ce wadda aka riga aka yanka sau ɗaya ba ita za a koya wa tsoro ba, na kashe wayar.

Na aika aka sayo mini acha. Ta kasuwa surfaffiya ce, ko shekara za ta yi a ruwa ba za ta tsiro ba, amma haka na karɓa. Na tallabi na dama da hannu ɗaya, na zuba da ɗayan, ni ce mai awo ni ce mai zubi. Da na ɗinke sai na kai jakar kunnena. Ƙarar tana nan yadda na san ta, shuu, shuu, sai dai babu bugun zuciya a bayanta. Nan na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Na share fuska na saka ta a rigar nono. Da yamma jikata ta dawo daga makaranta, ta faɗo jikina da gudu kamar kullum. Sai na ji ta tsaya cak, ta ƙara manna kunnenta.

"Kaka, mene ne yake ƙara a nan?"

Na dafa kanta na ce ta yi shiru, ta ƙara saurarawa, akwai wani bugu a bayansa.