Zaren da Injiniya Ya Ara wa Ƙararrawa

Injiniya ba injiniya ba ne a takarda. Shekara talatin da biyu ya yi yana hawan turakun wayar tarho da filaya a aljihun baya, har zamani ya ajiye tarhon tebur, shi ma aka ajiye shi. Sunan dai ya biyo shi gida, kuma yana son abinsa. In hira ta yi daɗi sai ya ɗaga hannuwansa biyu ya ce, "Waɗannan ba su taɓa haɗa waya ta ba ni kunya ba." Matarsa ta haddace maganar, wani lokaci ma ita ke ƙarasa masa.

Yana da wata ɗabi'a ta mutanen tarho. A aikinsu, layi ɗaya zare biyu yake ci, duk zaren da ya ragu a cikin kebul ajiya ne. Injiniya ba ya iya ganin zare yana zaman banza ya ƙyale shi.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, sana'arta gyaran bidiyon taro. Ko da ta yi aure ba ta kwashe kayan aikinta ba, don gidan hayarsu ba wuri. Kullum da safe mijinta zai kawo ta, ya shigo ya durƙusa ya gaida surukinsa, ita kuma ta shige tsohon ɗakinta. Injiniya da hannunsa ya ja mata kebul daga falo, inda na'urar raba intanet take, ya bi da shi ta cikin silin, ta saman ƙofar gida, har teburinta. Shekaru ana amfani da shi ba wanda ya yi kuka.

Kukan ya fara ne ranar da mijin Auta ya sayo mata akwatin ajiya, wata 'yar na'ura da ake tara bidiyo a ciki, aka jona ta a falo. Bidiyon da ya kamata ya bar kwamfutarta ya isa akwatin cikin minti biyar sai ya ci kusan awa guda. Auta ta zauna ta yi tagumi tana kallon koren layi yana rarrafe, waɗanda suka ba ta aiki kuwa suna ta kiran waya. Aka kashe aka kunna, aka hure ƙura, aka sauya ramin da ake cusa kebul. Duk a banza.

Ran nan ana zaune a falo, mijin Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ko a ɗan duba kebul ɗin?"

"Kebul ɗin wa?" in ji Injiniya. "Tun ba a haife ka ba nake haɗa waya. An dai ga kana sauri an ɗora maka jabu. Ka mayar musu da kayansu, gobe in za ka yi sayayya ka tambayi manya."

A gaban Auta, a gaban mahaifiyarta. Mutumin ya ce, "To, Baba." Amma daga ranar bai ƙara taka falon ba. Sai ya sauke matarsa a ƙofa, ya aiko da gaisuwa. Kwana tara ana haka, ranar Asabar kuma zai zo ya ɗauki akwatin ya mayar.

Ranar Juma'a da hantsi Auta ta ɗauko kwamfutarta ta zo falo, ta jona ta da wani guntun kebul. Kafin shayin Injiniya ya huce, bidiyo ya wuce.

"Baba," ta ce a hankali, idonta a ƙasa, "a nan gudun yana nuna dubu. A ɗakina ɗari yake nunawa."

Ya buɗe baki zai yi musu ke nan sai wani ya danna ƙararrawar ƙofa. Injiniya ya ji ƙarar har cikin ƙashinsa. Shekara biyu da suka wuce, da zai sa ƙararrawar nan, ya rasa waya, ya hau silin ya tsaga kebul ɗin Auta. Zare takwas ya gani. Ya gwada, ya ga intanet na tafiya da huɗu, sai ya yanki biyu ya ba ƙararrawa, har yana yaba wa kansa. Bai san cewa cikakken gudu sai da takwas ɗin duka ba. Bai kuma tambayi kowa ba, don wa zai tambaya?

Nan take ya tashi ya sake hawa silin, matarsa ce ta riƙe masa tsani. Ga shi nan, baƙin salatif an naɗe shi tsaf, naɗi irin nasa, ba mai iya cewa ɓera ne. Kunya ta rufe shi har gumi ya jiƙa masa riga. Ya mayar da zaren biyu inda ya ɗauko su, Auta ta ɗago murya daga ɗaki ta ce ya nuna dubu. Tun yana kan tsani zuciya ta raya masa ya yi shiru, a ce abin da kansa ya gyaru.

"Me ka gani?" matarsa ta tambaya daga ƙasa.

"Riƙe tsanin dai," ya ce.

Da safiyar Asabar ya ji tsayuwar babur. Ta taga ya hangi surukinsa yana danna ƙararrawa, sau ɗaya, sau biyu, ba ƙara. Ya tsaya a rana bai ƙwanƙwasa ba, kamar mai tunanin ko da gangan aka ƙi buɗe masa. Injiniya ya ɗauki salatif ɗin da ya warware jiya, ya je ya buɗe ƙofa da kansa.

"Ɗana, akwatinka lafiyarsa ƙalau," ya ce, yana miƙa masa salatif ɗin. "Ni na yanke wayar. Na ci maka fuska a gaban iyalinka a kan laifina. Ka yafe mini."

Mijin Auta ya durƙusa da sauri. "Haba Baba, don Allah ka bari. Bari in sayo waya in gyara muku ƙararrawar."

"Bar ta haka," in ji Injiniya. "Ka shigo."

Har yau ƙararrawar ba ta aiki. Kullum da safe, da ya ji babur, shi ke tashi da ciwon gwiwarsa ya buɗe ƙofa. In hira ta yi daɗi kuwa, matarsa takan saci kallon hannuwansa, sai ta ga yana cusa su cikin aljihu.